Mutanen Lepcha na Tsaunukan Himalaya: Ilimin da Ke Bin Ƙasa

A gabashin tsaunukan Himalaya, inda iyakokin Indiya da Nefal da Butan da Tibet suka matso kusa da juna, akwai wata ƙaramar al'umma da duniya ke kira Lepcha. Su kuwa Rong suke kiran kansu, ƙasarsu kuma Mayel Lyang, wato ɓoyayyiyar ƙasa mai albarka. A yau ana samunsu a jihar Sikkim, da yankunan Darjilin da Kalimpong na jihar Bengal ta Yamma, da gundumar Ilam ta Nefal, da kudu maso yammacin Butan. A ƙidayar Indiya ta 2011 adadinsu a Sikkim bai cika dubu 43 ba, cikin mutum dubu 610 da ɗoriya, alhali su aka sani da zaman farko a ƙasar. Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsu wata tambaya ce da ta shafi duk mutumin karkara: ilimin da ba a rubuta ba, na sanin itace da tsuntsu da lokacin shuka, me ke kashe shi? An saba ɗora laifin a kan mantuwa da sakacin 'yan baya. Tarihin Lepcha ya nuna wani abu daban. Duk sanda aka janye wani yanki na daji ko na kogi daga hannunsu, sai wani babi na iliminsu ya rufe, ko da masu shi suna nan da ransu.

Ba a fahimtar mutanen sai an fahimci ƙasar. Sikkim duka faɗinta murabba'in kilomita 7,096 ne, amma a cikin wannan ɗan fili ƙasa takan tashi daga kwarin da bai wuce mita 300 bisa teku ba, har ta kai ƙololuwar dutsen Kancenjunga mai mita 8,586, wanda shi ne na uku a tsawo a duniya. Mutum zai bar inda ayaba ke nuna, ya yi 'yan kwanaki yana hawa, ya isa inda ko ciyawa ba ta tsiro. Kowane hawa da irin itatuwansa da dabbobinsa da cututtukansa. Damina takan sauka daga watan Yuni zuwa Satumba kamar da bakin ƙwarya, tsaunuka su riƙa zaftarewa, koguna su cika su hana ƙetarewa, matsattsaku ya cika hanya. Wanda zai rayu a irin wannan wuri ba tare da kasuwa ko hanyar mota ba, tilas ya san ƙasar filla-filla.

Tun asali Lepcha manoman sassabe ne kuma mafarauta. Sukan sassabe wani gefen tsauni kafin damina, su bar itacen ya bushe, su sa masa wuta, sannan su shuka a kan toka da sanda mai tsini, ba garma ba shanun huɗa. Shinkafar tudu suke shukawa da tamba, daga baya masara ta shigo. Bayan kaka ɗaya ko biyu sai su bar wurin ya zama saura na shekaru da dama, daji ya mayar da kansa, su koma wani gefen. Tambar nan, wadda ake nomawa a wasu sassan ƙasashenmu, masana sun ce asalinta tsaunukan gabashin Afirka ne, ta ƙetara zuwa Indiya shekaru dubbai da suka shuɗe. Da ita Lepcha ke yin ci, giyarsu ta gargajiya, wadda ba a aure ko wata hidimar al'ada a wurinsu sai da ita.

Lokacin shuka kuwa tsuntsaye ke faɗa musu. A cikin labaransu na kaka da kakanni, akwai wani ɓoyayyen ƙauye a bayan dutsen Kancenjunga inda wasu ma'aurata bakwai ke zaune, da safe jarirai, da rana samari, da maraice tsofaffi, gobe kuma a sake. Su ne, in ji labarin, suka bai wa Lepcha irin shuka na farko, kuma su ke aiko tsuntsaye masu ƙaura kowace shekara domin su sanar da lokacin aiki. Bayan girbi akan yi musu hidimar godiya da ake kira Sakyo Rum Faat. Mai karatu ya ajiye tatsuniyar a gefe ya dubi abin da ke ƙunshe a cikinta. Tsuntsayen da gaske suna zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma kukan kowanne yana daidai da wani aiki na gona. Kalandar takarda ba ta san shekarar da sanyi ya daɗe ba, tsuntsu kuwa ya sani, domin in sanyi ya daɗe shi ma yakan makara, manomin da ke jiransa kuma ya makara tare da shi, ya tsira daga asarar iri. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai yana neman shamuwa kafin ruwan farko ya san irin wannan lissafi.

Gona ba ta ciyar da su shekara cikakkiya, daji ne ke cike giɓin. Sun san doyar daji mai daɗi da mai guba, sun san yadda ake yayyanka mai gubar a jiƙa ta cikin ruwa mai gudu har dafin ya fita. Sun san tohon ganyayen da ake miya da su, da naman kaza mai ci da mai kisa, da inda zuma ke kafa saƙa a jikin duwatsu. Daga wata ciyawa mai ƙaiƙayi suke fitar da zare su saƙa tufafi, daga saiwar wani tsiro na can sama kuma suke samun dafin kibiya. Turawan da suka zauna da su a ƙarni na 19 sun yi ta mamakin yawan sunayen da harshen Lepcha ke da su na itatuwa da tsuntsaye da ƙwari. Amma suna kaɗai ba shi ne ilimin ba. Kowane suna yana tafe da sanin inda abin yake, da watan da ake samunsa, da amfanin da ake yi da shi, kuma ba a koyon wannan a zaune. Yaro yakan koye shi ne yana biye da mahaifinsa a daji, da wuƙar nan mai tsawo da ake kira ban rataye a kugunsa.

Inda hikimarsu ta fi fitowa fili shi ne aikin gora da kwagiri, wato kurangar dajin nan mai ƙarfi da ake sanda da kujeru da ita. Da gora suke bututun jawo ruwa, da tulu, da kwano, da baka, da tarko, da sarewa, da daɓen ɗaki. Gidansu na gargajiya akan ɗora shi a kan manyan ginshiƙan itace, kowane ginshiƙi yana zaune a kan faffaɗan dutse ba tare da an binne shi ba, katakan kuma a sassaƙa su su shiga juna ba ƙusa ko ɗaya. A ƙasar da girgizar ƙasa ta zama baƙuwar kullum, irin wannan gida yakan yi rawa tare da ƙasa maimakon ya tsage, dabbobi kuma su kwana a ƙarƙashinsa, ruwan gangare ya wuce ta ƙasa. Gadarsu, wadda suke kira ru-soam, abin kallo ce. Akan miƙa dogayen kurangun kwagiri daga wannan gaɓa zuwa waccan a ɗaure a jikin manyan bishiyoyi, a rataya wasu gajeru a tsakaninsu kamar majajjawa, a shimfiɗa gora biyu ko uku a ciki su zama wurin taka ƙafa. Mai wucewa yana riƙe da kuranga hagu da dama, gada tana lilo, kogi yana ruri a ƙasa. Irin wannan gada ba ta daɗewa ba gyara, don haka sai ƙauye ya taru a kai a kai, kuma a wurin wannan gayya ce samari ke koyon wane kwagiri ya ƙosa, wane ƙulli ke riƙewa.

Har dangantaka a ƙasa suka ɗaure ta. Kowane dangi na Lepcha yana da ƙololuwar dutsensa da tafkinsa a cikin tsaunukan, kuma a al'adarsu ta dā sun ɗauka cewa ran mamaci yakan bi kogin Rongyong ya hau zuwa wurin kakanninsa. Masu riƙe da wannan sani su ne mun da bongthing, waɗanda ke jagorantar hidimomin al'ada suna kuma magani, kuma a cikin addu'o'insu na gargajiya sukan jero sunayen duwatsu da rafuka ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta taswira da ka. Mu riƙe wannan batu na kogi, domin zai dawo.

Tarihin mulki ya soma shiga tsakaninsu da ƙasarsu ne sannu a hankali. Ruwayar Sikkim ta ce a wani wuri mai suna Kabi Lungchok, shugaban Lepcha Thekong Tek da shugaban baƙin da suka zo daga Tibet, Khye Bumsa, sun ƙulla 'yan'uwantaka ta jini, aka kafa duwatsu shaida. Zuriyar baƙin nan, waɗanda ake kira Bhutia, su suka kafa sarautar Namgyal, kuma tarihin masarautar ya ce a 1642 aka naɗa Phuntsog Namgyal sarki na farko a Yuksom. Addinin Buda ya shigo tare da sarautar, Lepcha da yawa suka karɓe shi ba tare da sun saki mun da bongthing ba. A farkon ƙarni na 18 harshensu ya sami rubutunsa na kansa. Wasu na danganta ƙirƙirarsa ga sarki na uku, Chakdor Namgyal, Lepcha da dama kuma suna danganta shi ga wani masaninsu, Thikung Men Salong. Abin lura shi ne, yawancin abin da aka rubuta da shi littattafan addinin Buda ne da aka fassara daga harshen Tibet. Sanin daji ya ci gaba da zama a baki da hannu. Zaman bai rasa ɗaci ba: a 1826 aka kashe babban wazirin masarautar, Bolod, wanda ɗan Lepcha ne, ɗaruruwan gidaje suka tsere zuwa Ilam.

Babbar girgiza ta zo da Turawan Ingila. A 1835 Kamfanin Gabashin Indiya ya karɓi tsaunin Darjilin daga hannun sarkin Sikkim domin ya zama wurin shan iska ga ma'aikatansa masu gudun zafin Kalkata. A 1839 aka naɗa Dakta Archibald Campbell ya kula da wurin, a 1841 ya gwada shuka ganyen shayi, abin ya karɓu. A 1848 wani masanin tsirrai, Joseph Dalton Hooker, abokin Darwin wanda daga baya ya shugabanci lambun Kew na Landan, ya iso. Ya yi kusan shekara biyu yana yawo a tsaunukan, kuma 'yan Lepcha ne 'yan rakiyarsa. Su ke nuna hanya, su ke kafa bukka, su ke hawa bishiya, su ke busar da ganye a takarda. A littafinsa Himalayan Journals na 1854 ya yaba musu ƙwarai, ba za mu hana shi wannan ba. Amma a dubi sunayen da aka raɗa wa furannin rododendoron da suka sa ya yi suna a Turai. Akwai wanda ke tsiro a kan rassan manyan bishiyoyi, sai aka sa masa sunan uwargidan Dalhousie, gwamna janar na Indiya. Wani aka sa masa sunan matar Campbell, wasu kuma sunayen abokan Hooker. Haka aikin ya ci gaba bayansa. Jerin tsuntsaye da na malam-buɗe-littafi da ke cikin kundin bayanin Sikkim na 1894 sun dogara da idon mafarautan Lepcha, kuma a farkon ƙarni na 20 wasu 'yan Lepcha biyu, Ribu da Rohmoo, sun tattaro tsirrai masu yawan gaske waɗanda har yau ke ajiye a Kalkata da Edinbara. Su dai an rubuta sunayensu a jikin takardun. Na gabansu da yawa ko wannan ba su samu ba.

Tafiyar Hooker ta bar wani abu bayan furanni. A ƙarshen 1849 hukumomin Sikkim suka tsare shi tare da Campbell na 'yan makonni, Ingila kuma ta ɗauki wannan hujja ta ƙwace ƙarin ƙasa a 1850. Yarjejeniyar Tumlong ta 1861 ta sa masarautar a ƙarƙashin inuwarta, a 1865 kuma ta karɓe Kalimpong daga Butan bayan yaƙi. A cikin shekara talatin, mafi yawan ƙasar Lepcha ta kudu ta koma hannun masu lissafin riba. Gangaren da ake sassabe ya zama gonar shayi. Dajin da ya rage aka shata shi ya zama gandun gwamnati domin katako, aka hana sa wuta, aka taƙaita farauta. Shayi yana son hannu da yawa, sai aka buɗe ƙofa ga ma'aikata daga Nefal, waɗanda suka zo da garma da shanu da sanin yanka tsauni hawa-hawa ana noman shinkafar ruwa. Ba mu ga laifin waɗannan baƙi ba, talakawa ne masu neman abinci, kuma nomansu ya fi ciyar da mutane da yawa a ƙaramin fili. Amma noman sassabe ba ya yiwuwa sai da daji mai faɗi da mutane kaɗan, kuma duka biyun sun tafi a lokaci guda.

A cikin Sikkim kanta abin ya biyo baya. John Claude White, jami'in siyasa na farko da Ingila ta ajiye a can a 1889, yana son haraji, haraji kuwa sai da manomi mai zama wuri ɗaya, don haka ya ƙarfafa shigowar baƙi. Ƙidayar 1891 ta sami mutum 30,458 a masarautar, Lepcha 5,762 ne kacal a cikinsu. A 1909 aka kafa hukumar gandun daji ta Sikkim. A 1917 aka fitar da dokar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta hana ɗan Lepcha ko ɗan Bhutia sayar da gonarsa ko jinginar da ita ga wanda ba nasu ba sai da izinin fada. Dokar nan ta yi amfani, har yau ana kafa hujja da ita. Sai dai gonar da aka auna aka rubuta ita ta kare. Saurar da ke hutawa da dajin farauta ba su da takarda, su kuwa nan ne makarantar.

Wuri ɗaya ya tsira fiye da sauran, shi ne Dzongu, wani yanki mai wuyar shiga a arewacin Sikkim, tsakanin kogin Tista da tsaunukan Kancenjunga. Yana cikin ƙasar gidan sarauta, kuma a shekarun 1950 aka tabbatar da shi a hukumance a matsayin keɓantaccen yankin Lepcha, inda baƙo ba ya mallakar ƙasa, ba ya ma shiga sai da takardar izini. A nan ne labarin hel ya fi bayyana.

Alhazai sun san hel, ɗan koren yajin nan da Larabawa ke sa wa gahawa. Yana da ɗan'uwa babba, baƙi, mai ƙamshin hayaƙi, wanda ake dafa shinkafa da nama da shi a Indiya da Pakistan da ƙasashen Larabawa. Dangin citta ne, kuma tsaunukan nan ne gidansa na asali. Ana jin cewa Lepcha ne suka fara tsintarsa a daji, sannan suka maido shi kusa da gida. Yana son inuwa da laima da gangare, don haka akan shuka shi a ƙarƙashin bishiyoyi, musamman wata da ake kira utis, wadda saiwarta ke ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda gawo ke yi wa gonar gero. Bishiyar tana ba da inuwa da taki da itacen da za a busar da 'ya'yan a tanderu, saiwoyin kuma suna riƙe gangare. Wani babban ƙudan zuma na daji ne ke yi masa barbara, saboda haka gonar hel ba ta rabuwa da lafiyar dajin da ke kewaye da ita. Har akwai irin da ake kira Dzongu Golsey, da sunan yankin. A ganinmu wannan shi ne mafi kyawun abin da ilimin Lepcha ya haifar bayan an rufe musu daji: noma mai kawo kuɗi wanda bai bukaci a sare itace ba.

Amma kuɗi ya zo da nasa. A 1937 Turawa biyu, Geoffrey Gorer da John Morris, suka zauna a ƙauyen Lingthem na Dzongu na 'yan watanni, kowannensu ya fitar da littafi a 1938. Gorer ya tarar hel ya riga ya zama abin sayarwa, ya kuma tarar manoma sun nutse cikin bashin 'yan kasuwar Mangan, irin bashin nan da ake ci tun amfani yana gona a biya da kaka a kan farashin da mai kanti ya yanka. Manomin da bai iya karanta littafin bashi ba, sanin tsuntsu ba ya cetonsa. Daga baya farashi ya yi kyau, gidaje da dama suka sami wadata, suka riƙa ɗaukar 'yan ƙodago daga Nefal, suka sa 'ya'yansu makaranta a Mangan da Gangtok, suka sayi shinkafar kanti. Shinkafar tudu ta ja baya, tare da ita kuma ire-iren iri da waƙoƙin aiki da lissafin tsuntsaye suka ja baya, domin ba mai sauraron tsuntsun shuka in ba shi da abin shukawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai cuta ta faɗa wa hel. Akwai chirkey da foorkey, cututtuka biyu da ƙananan ƙwari irin darɓa ke yaɗawa, ga wata funfuna mai ƙone ganye, ga tsufan gonaki da sauyin yanayi. Gonaki da yawa suka mutu cikin 'yan shekaru, Nefal ta sha gaban Sikkim a noman. Mutanen da suka jingina da amfani guda suka waiwaya, suka tarar tsohuwar hanya ta yi ciyawa. Wasu suka koma citta da lemo, wasu aikin gwamnati na yini, wasu kuma saukar da masu yawon buɗe ido a gidajensu.

Tun zamanin Kanar Mainwaring, wanda ya wallafa nahawun harshen Lepcha a 1876, marubuta ke kiransu al'umma mai ƙarewa. Har ɗansu A. R. Foning da ya rubuta littafi a 1987, wannan kalma ya sa a sunan littafin. Mu dai muna ganin kalmar ta yi wa masu mulki daɗi fiye da kima. In aka ce mutane suna ƙarewa, kamar faɗuwar rana, to ba wanda za a tambaya. Ga kuma sifar da aka laƙaba musu ta mutane masu kunya, marasa faɗa, masu gudu cikin daji in an matsa musu. Yabo ne a fuska, amma ya sauƙaƙa wa mai karɓar ƙasa aikinsa.

A 1975 sarautar Namgyal ta faɗi, Sikkim ta zama jiha ta 22 a Indiya, tsarin mulki kuma ya yi alkawarin kiyaye tsofaffin dokokinta a sashe na 371F. A 1977 aka kafa gandun Kancenjunga na ƙasa, wanda ya haɗiye babban ɓangare na dajin da ke saman Dzongu, farauta ta zama laifi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren tarihi na duniya, kuma cikin hujjojin da aka bayar har da matsayin tsaunin a al'adun Lepcha. Wato al'adar ta sami lambar yabo a daidai dajin da aka taƙaita wa masu ita shiga.

Bayan daji sai aka juyo kan kogi. Daga ƙarshen ƙarni na 20 aka tsara jerin madatsun ruwa na lantarki a kan Tista da rassansa, da dama daga ciki a Dzongu ko a bakinta. Irin waɗannan ayyuka sukan karkatar da kogi cikin ramin da aka fasa a cikin dutse na kilomita da yawa, tsohuwar hanyar ruwan ta kusa bushewa, maɓuɓɓugan da ke saman ramin su ƙafe, ga dubban ma'aikata baƙi a yankin da doka ta keɓe. A nan ne mutanen da aka ce ba sa faɗa suka ba da mamaki. Wata ƙungiya ta mutanen da aikin Tista ya shafa, wadda aka fi sani da ACT, ta fara yajin cin abinci a Gangtok ranar 20 ga Yuni 2007. Dawa Lepcha da Tenzing Lepcha suka yi kwana 63 ba su ci ba, ana ɗura musu abinci ta hanci a asibiti, suka sake komawa a 2008. Sauran jama'a suka riƙa karɓa-karɓa har kwana 915. Hujjojinsu sun haɗa tsoho da sabo: rahoton masana a kan raunin duwatsun, dokar da ta keɓe Dzongu, da kuma maganar nan ta kogin Rongyong, hanyar da matattunsu ke bi. Lepcha na Kalimpong da Darjilin, cikinsu har da Kiristoci da yawa, suka taso suna kiran Dzongu ƙasa mai tsarki. A 2008 gwamnatin jihar ta soke huɗu daga ayyukan da ke cikin Dzongu. Ba duka aka soke ba, kuma ba duk Lepcha ne suka goyi bayan yajin ba, domin akwai masu gonar da hel ya mutu a cikinta, waɗanda kuɗin diyya ya zame musu mafita. Gardamar ta raba ƙauyuka, har ta raba gidaje.

Ƙasar kuma ta yi nata bayanin. Ranar 18 ga Satumba 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.9 ta afka wa arewacin Sikkim. A watan Agusta 2016 wani gefen tsauni ya zaftare a Mantam, ya toshe kogi, tafki ya taru ya cinye gada, ƙauyukan saman Dzongu suka yanke daga duniya. Sannan a daren 3 zuwa 4 ga Oktoba 2023 tafkin Lhonak ta Kudu, wanda narkewar ƙanƙara ta daɗe tana cikawa, ya ɓalle. Ruwan ya gangaro ya share madatsar Tista ta Uku da ke Chungthang, mai megawat 1,200, mafi girma a jihar, ya tafi da gadoji da gidaje da rayuka masu yawa. Da gadojin ƙarfe da kankare suka tafi, a wurare da dama gora aka sara aka ɗaure aka ƙetare da marasa lafiya da buhunan abinci, kuma waɗanda suka iya ɗaurin su aka nema. A farkon 2025 kwamitin ma'aikatar muhalli ta Indiya ya amince a sake gina madatsar Chungthang, wannan karon da kankare zalla, kuma tsawonta ya kusa ninka na wadda ruwa ya tafi da ita.